Jemage a Ƙasa, Jemage a Ɗaki: Tambayoyi da Amsoshi kan Jemagu da Ciwon Haukan Kare

Waɗannan tambayoyi ne da masu gida, malaman makaranta da masu lambu ke yawan yi wa ma'aikatan lafiya da na kiwo a arewacin Kamaru da Chadi. Wanda jemage ya riga ya cije shi ko ya yakushe shi, kada ya tsaya bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce tambaya ta 6, ya je ya wanke wurin, karatu ya biyo baya.

1. Da gaske jemage na iya sa wa mutum ciwon haukan kare? Mu dai kare muka sani.

Karen dai shi ne babba, nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samu. Saboda haka mutumin Garwa ko Njamena da ke fargabar jemage alhali karen gidansa ba shi da allura, ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai dai ƙwayar da ke haddasa ciwon ba ita kaɗai ba ce a gidansu. Tana da dangi fiye da 15, waɗanda masana ke kira lisabairos, kuma yawancinsu a jikin jemagu suke zaune. Duk wadda ta shiga jikin mutum har ta kai ƙwaƙwalwa, ciwo iri ɗaya take kawowa. Likita ba zai bambanta su da ido ba, kuma da zarar alamomi sun bayyana babu magani.

2. Wace iri ce ke jikin jemagun Afirka?

Ainihin ƙwayar da ke jikin kare, a jemagun nahiyar Amurka kaɗai aka same ta. Shi ya sa yawancin abin da ake karantawa a intanet game da jemagu labarin can ne. Namu danginta suke ɗauke da su, kuma biyu ya kamata a sani. Ta farko ana kiranta ƙwayar jemagen Legas, domin a tsibirin Legas aka fara gano ta a 1956, a jikin babban jemage mai cin 'ya'yan itace. Daga baya an same ta a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, maƙwabciyar Kamaru da Chadi, da Senegal, Ghana, Kenya da Afirka ta Kudu. Ba a taɓa tabbatar da ita a jikin mutum ba, amma an same ta a kyanwoyi da karnuka da suka haukace.

Ta biyu, Duvenhage, tana tare da ƙananan jemagu masu cin ƙwari, kuma ita ta kashe mutane: biyu a Afirka ta Kudu, a 1970 da 2006, sai wata likita 'yar ƙasar Holan a 2007. Ƙaramin jemage ne ya bugi fuskarta a Kenya ya bar mata 'yan ƙananan raunuka a hanci. An wanke wurin, ba a yi mata allura ba, bayan kimanin mako uku ciwon ya tashi, ta rasu a Amsterdam. Akwai ta uku da ake yawan haɗawa da su, Mokola, wadda aka gano a jikin jaɓa a Ibadan a 1968, aka kuma same ta a Kamaru a 1974, amma ita ba a taɓa samunta a jikin jemage ba.

Mutum uku ba yawa ba ne, gaskiya. Amma a lura cewa a ƙasashenmu mafi yawan masu mutuwa da zazzaɓin ƙwaƙwalwa ba a gwada su, waɗanda aka ce haukan kare ne ma ba a cika bin diddigin wace ƙwaya ce ba. Haɗarin ƙarami ne, ba babu ba.

3. Wane hali ne za a ce ya saɓa wa al'adar jemage?

Jemage mai lafiya ba ya son mutum kusa da shi, kuma ba ya son ƙasa. Duk abin da ya saɓa wa waɗannan biyu abin lura ne: jemage kwance a tsakar gida yana jan jiki, wanda ya maƙale a ƙasan bango ko jikin randa inda hannun yaro zai kai, ƙaramin jemagen rufi da ya fito shi kaɗai da rana tsaka, wanda aka matso kusa da shi bai gudu ba, wanda ya tashi ya faɗo, ya sake tashi ya sake faɗowa, mai karkarwa, ko wanda fiffike ko ƙafa ta shanye, da wanda ke ta tsuwa ba ƙaƙƙautawa yana cizon duk abin da aka miƙa masa, har sanda.

Mutane kan jira su ga kumfa a baki da kai hari irin na mahaukacin kare. A jemage ba a cika ganin haka ba. Kasala da shanyewar jiki sun fi yawa, kuma su suka fi haɗari, domin jemagen da ya yi laushi shi ne yaro ke ɗauka ya ɗaura masa zare yana wasa da shi.

4. Jemagu sun cika bishiyar unguwarmu, da rana ma suna ta hayaniya. Ba su da lafiya ne?

Lafiyarsu lau. Manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace a fili suke yini, rataye a mangwaro, darbejiya ko maɗaci. Ɗaya daga cikin manyansu, mai rawaya-rawaya a wuya, buɗaɗɗun fikafikansa na kusan santimita 80, yakan taru dubbai a birane irin Yaunde, kuma yana ƙaura zuwa arewa idan damina ta faɗi. Faɗa kan wurin rataya, fifita da fiffike lokacin zafi, tashi gaba ɗaya idan shaho ya gifta ko yara suka yi jifa, duk halinsu ne na yau da kullum.

Haka ma ƙananan da ke shawagi a kan mutane da magariba ko suna zagaya fitila. Ƙwarin da ke bin mutum da haske suke farauta, ba kan kowa ba. Abin dubawa shi ne guda ɗaya da ya ware daga garke ya sauko ƙasa, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 3.

5. To wanda aka tsinta a ƙasa, lallai yana da ciwon ke nan?

A'a, yawancinsu wani abu ne ya kayar da su. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 42 a Marwa, Kusseri da Njamena, jemagu na galabaita su zubo. Jarirai kan suɓuce daga jikin uwa. Akwai harbin danƙo, wayar lantarki, fanka, kyanwa, da maganin ƙwari. Da sanyin safiyar hunturu ƙananan kan sandare har sai rana ta ɗaga. Kuma jemagu da yawa ba sa iya tashi daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko suna da lafiya, sai sun hau wani abu sun saki jiki daga sama.

Matsalar ita ce ido ba ya raba wanda zafi ya kayar da wanda ƙwaya ta kayar, kuma a cikin waɗanda ke ƙasa an fi samun masu cutar fiye da cikin waɗanda ke sama. Don haka halin jemage abu ɗaya yake gaya maka: kada ka sa hannu. Ba shi ke yanke hukuncin allura ba. Abin da ke yanke wannan shi ne ko ya taɓa jikinka, kamar yadda za a gani a tambaya ta 7.

6. Jemage ya cije ni yanzu. Me zan fara yi?

Wanki, tun kafin neman babur. A sa sabulu, kowane iri, na wanki ma ya yi, a riƙa cuɗa wurin ruwa na kwarara a kai har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma yawancin mutane a minti biyu suke tsayawa. Idan babu famfo, wani ya riƙa zubawa da buta, ana ƙara cika ta. Dalilin shi ne ƙwayar na lulluɓe da wata fata mai maiƙo wadda sabulu ke farfasawa, ruwan kuma ya tafi da yawun. Bayan haka a shafa Bétadine, wato maganin shafa rauni na aidin, ko alkol mai ƙarfin kashi 70. Idan yawu ya shiga ido, hanci ko baki, a ɗauraye da ruwa zalla mai yawa.

Kada a tsotse wurin, kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a ɗaure gaɓar da igiya. Kada a zuba barkono, toka, fetur ko dakakken ganye. Ba sa kashe ƙwayar, suna ƙona naman ne su hana ma'aikacin lafiya ganin raunin. Ba a ɗinke irin wannan rauni nan take, sai in dole, kuma bayan an sa serom, wato allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin (tambaya ta 10). Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti ba, a yi su a hanya.

A je asibiti a ranar. A faɗa ƙarara cewa jemage ne, idan da Faransanci ake magana a ce chauve-souris, a kuma ambaci rage, wato sunan ciwon haukan kare da Faransanci, domin raunin ƙarami ne kuma ana iya ba mutum maganin shafawa a sallame shi. A tambayi allurar tetanos idan an daɗe ba a yi ba.

7. Ban ga jini ba, ban ma ga rauni ba. Sai na je?

Idan jemagen ya taɓa fatarka kai tsaye, ka je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba haɗuwa da dabba gida uku. Mataki na ɗaya shi ne taɓawa ko lasa a fata mai lafiya, ba ya bukatar allura. Na biyu shi ne yakushi ko ɗan gatsa ba jini, yana bukatar allura. Na uku shi ne cizon da ya huda fata, ko yawu a kan rauni ko a ido da baki, yana bukatar allura da serom. Taɓa jemage kai tsaye an sa shi a mataki na uku, ko da a kare irin wannan taɓawa mataki na ɗaya ce.

Haƙoran ƙaramin jemage ba su fi tsinin allura ba, ramin da suka bari na iya ɓacewa cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci ko zafi ba a ji. Kuma wuraren da ya fi samu, yatsu da fuska, su ne masu yawan jijiyoyi, inda ƙwayar ke saurin kama hanya. Amma wanda jemage ya gifta ta gabansa, ko ya ɗauke shi da shebur ko kwano bai taɓa shi ba, ba ya bukatar komai.

8. Mun farka mun ga jemage a ɗakin da yara suka kwana.

A fara tambayar gidan sauro. Idan an kwana cikinsa, an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, ba yagewa, jemagen kuma yana waje, babu abin damuwa, sai dai in hannu ko ƙafa ya kwana jingine da ragar daidai inda jemagen ya maƙale. Idan kuwa an same shi a kan shimfiɗa, cikin gidan sauron, ko kusa da jariri, ko mai barci mai nauyi, ko wanda ba zai iya faɗin abin da ya same shi ba, a duba jiki da haske mai kyau, a wanke duk wani ɗigo da aka gani, sannan a kai shi asibiti ko ba a ga komai ba. A yi wa yaro tambaya da lallashi. Wanda ke tsoron duka zai ce bai taɓa ba.

9. Allura nawa ake yi, kuma a waɗanne ranaku?

Ana ƙirgawa daga ranar allurar farko, ba daga ranar cizo ba, kuma ita ake kira rana ta 0. Tsarin da ya fi sauri shi ne na cikin fata, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2018: mililita 0.1 a kowane damtse, hagu da dama, a rana ta 0, ta 3 da ta 7. Wanda aka fara wa Litinin zai koma Alhamis, sannan Litinin mai zuwa, shi ke nan. Yana cin magani kaɗan, don haka ya fi araha, amma sai ma'aikacin da ya iya, kuma alamar ta shiga daidai ita ce fatar ta ɗan kumbura a wurin. Kwalbar da aka buɗe ana raba ta ga marasa lafiya cikin awa 6 zuwa 8, abin da ya rage a zubar.

A tsarin cikin tsoka kuwa cikakkiyar kwalba ake yi kowane zuwa: rana ta 0, 3, 7, da guda ɗaya tsakanin 14 da 28. Ko kuma biyu a rana ta 0, ɗaya a kowane hannu, sai ɗaya a rana ta 7, ɗaya a ta 21. Wasu asibitoci na kan tsohon tsari na allura biyar, 0, 3, 7, 14 da 28, shi ma yana aiki.

A damtse ake yi, yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kuma a gefen cinya. Ba a yin ta a ɗuwawu, domin kitsen wurin na hana jiki amsa ta yadda ya kamata. Wadda aka yi a nan ba a ƙirga ta, sai an sake. A karɓi kati mai ɗauke da ranaku da sunan maganin, a adana shi har bayan an gama, zai yi amfani idan an sake samun cizo (tambaya ta 12).

10. Mene ne serom, kuma idan babu shi fa?

Allurar rigakafi tana koya wa jiki ne ya ƙera garkuwarsa, abin da ke ɗaukar kwana 7 zuwa 10. Serom garkuwa ce shiryayyiya da ke tsare wurin kafin nan. Shi ya sa a cikin raunin da kewayensa ake tsira shi, ba a wani wuri can ba. Iyakarsa, da ma'aunin da ake rubuta UI a jikin kwalba, 20 ne ga kowane kilo na nauyin mutum idan daga jinin mutum aka yi shi, 40 idan daga jinin doki ne. Yaro mai kilo 25 ke nan ba zai wuce 500 ko 1,000 ba. Sau ɗaya ake yi, a rana ta 0, ko a makare har zuwa rana ta 7 bayan allurar farko. Bayan nan ba shi da amfani. Ba a haɗa shi da allurar a sirinji ɗaya ko a wuri ɗaya.

Serom na da tsada da wuyar samu a yankinmu. Idan kaɗan ne, wanda jemage ya taɓa na cikin waɗanda ake fara ba wa. Idan babu gaba ɗaya, kada a jinkirta allura ana jiransa. Wanki mai kyau da allura a kan lokaci na tsirar da mafi yawan mutane ƙwarai ko ba serom.

11. A ina ake samun allurar?

A Garwa akwai reshen cibiyar binciken cututtuka ta Centre Pasteur, wanda ke karɓar waɗanda dabba ta ciza, babbar cibiyar kuma tana Yaunde. A sauran garuruwa, da Chadi, a fara da asibitin gunduma ko babban asibitin yanki. Idan ba su da ita a ajiye, za su rubuta takarda a saya a farmasi ko su tura gaba. Wanda ke ƙauye ya sa a buga waya a tambaya kafin ya hau mota, amma bayan ya gama wankin tambaya ta 6.

Maganin na son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma daskarewa na lalata shi kamar yadda zafi ke yi. Kada a saya a hannun mai tebur ko a shagon da firjinsa ke mutuwa da ɗaukewar wuta. Idan za a ɗauko daga farmasi, a sa a kula mai ƙanƙara, a naɗe kwalbar da kwali ko tsumma don kada ta jingina da ƙanƙarar, a wuce asibiti kai tsaye.

12. An yi mako biyu da cizon. Na makara? Mai ciki da mai azumi fa?

Muddin alamomi ba su fara ba, ba a makara ba, ko an yi watanni. A je yau. Wanda ya tsallake rana ɗaya cikin jadawalin ba ya komawa farko, a ci gaba daga inda aka tsaya. Mai ciki, mai shayarwa da jariri duk ana yi musu, kuma adadin allurar ba ya raguwa don ƙanƙantar yaro. Game da azumi, mafi yawan malamai na ganin allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya shi, don haka ba dalilin ɗaga rana.

Wanda ya taɓa kammala allurar a baya, biyu kawai zai yi, rana ta 0 da ta 3, ba serom. Masu aikin da ke haɗa su da dabbobi kullum, irin ma'aikatan kiwo, masu gyaran silin, masu kwasar takin jemage da mafarauta, suna iya yin rigakafi tun kafin cizo, rana ta 0 da ta 7. Wannan ba ya ɗauke musu zuwa asibiti idan an cije su, yana rage musu allura ne ya cire bukatar serom. Mai raunin garkuwar jiki, kamar mai cutar sida da ba ya kan magani, ya sanar da likita, domin tsarinsa daban ne.

13. An ce allurar ba ta aiki a kan ƙwayoyin jemagun Afirka. Haka ne?

Rabin gaskiya ne. An yi allurar da ƙwayar kare, kuma tana kare mutum daga danginta na kusa, ciki har da Duvenhage. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa kariyarta a kan ta Legas da Mokola kaɗan ce ko babu. Amma Duvenhage ɗin ita ce ƙwayar jemage da aka tabbatar ta kashe mutane a Afirka (tambaya ta 2), kuma ba wanda zai san wace ce ke bakin jemagen da ya cije shi. Don haka a yi allura. Wannan kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba a wasa da minti 15 na sabulu: shi yana aiki a kan dukkansu.

14. Ba za a tsare jemagen a gani ko zai mutu ba, kamar yadda ake yi wa kare?

Ana tsare kare ko kyanwa kwana 10, likitocin dabbobi a nan kan kai har 15, saboda an san cewa idan akwai ƙwayar a yawunsu ranar cizo za su nuna alama ko su mutu cikin wannan lokaci. Ba a san irin wannan wa'adi ga jemage ba. Gwajin ƙwaƙwalwarsa ne kaɗai ke ba da amsa, kuma ba a jiran sakamako kafin a fara allura. Idan gwaji ya nuna babu, likita ne zai ce a tsaya.

Ga yadda ake kama shi. A fitar da yara da kyanwa, a kashe fanka, a jira ya sauka. A sa safar hannu ta fata mai kauri, ba ta roba ba, haƙori na huda ta. A kife shi da kwano ko bokiti, a zura kwali ta ƙasa, a ɗaure. Idan ya taɓa wani, a kai shi ofishin likitan dabbobi. Su ke tura samfur zuwa ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa ko Centre Pasteur, a Chadi kuma cibiyar binciken kiwo ta IRED da ke Farcha. Kada a fasa kansa, ƙwaƙwalwar ake bukata. Idan ya mutu, a sa a leda biyu cikin kula mai ƙanƙara, ba cikin firjin abinci ba.

Idan bai taɓa kowa ba, a buɗe taga da magariba a bar shi ya fita, ko a ɗora shi a reshe mai tsayi. Mushe a ɗauke da shebur a binne da zurfin da kare ba zai tone ba. Idan kuwa da yawa ne ke zubowa cikin 'yan kwanaki, a sanar da ofishin kiwo.

15. Yaya ciwon ke farawa a jikin mutum?

Ƙwayar ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci shekara, kuma cizon fuska ko wuya ya fi saurin tashi. Farko zazzaɓi ne da ciwon kai, tare da ƙaiƙayi, zogi ko jin tsira a inda aka ciza, ko da wurin ya warke tuntuni. Sai firgita, rashin barci, dalalar yawu, da shaƙewar maƙogwaro idan an miƙo ruwa ko iska ta buga fuska. Kimanin mutum 1 cikin 5 ba ya yin wannan haukan, jikinsa ne ke shanyewa daga wurin cizon zuwa sama, kuma irin wannan ne aka fi ɗauka wani ciwo daban ko a ce iska ce.

A wannan mataki allura ba ta da amfani ga mara lafiyar. A kai shi asibiti duk da haka, akwai magungunan da ke kwantar da shi su rage masa azaba. Masu jinya su guji yawunsa, wanda ya ciza ko yawun ya shiga masa ido ko rauni ya yi allura. Gaisawa da zama ɗaki ɗaya ba sa yaɗa shi.

16. Kashin jemage, mangwaron da ya gatsa, da ruwan da ya faɗa ciki fa?

Ba a kamuwa da haukan kare ta kashi, fitsari ko ruwan sha. A yawu da ƙwaƙwalwa ƙwayar take, kuma rana da bushewa na kashe ta da wuri. Abin da ake gani ƙarƙashin bishiya, wanda ya sa ake cewa jemage da baki yake kashi, yawanci dusar 'ya'yan itace ce da ya tsotse ruwanta ya tofar. Duk da haka mangwaro ko gwaiba da aka gatsa a zubar, kada a yanke gefen a ba yaro, domin yawun jemage na ɗaukar wasu cututtukan. Randar da ya mutu ciki a zubar da ruwan a wanke, a riƙa rufewa.

Tarin kashi a silin haɗarinsa na huhu ne: wani naman gwari na tsirowa a ciki, ƙurarsa na kawo tari da zazzaɓi. Kafin shara a yayyafa ruwa har ƙura ta kwanta, a sa takunkumi da safar hannu, a kwashe a buhu, a goge wurin da ruwan jabel. Ga masu farauta kuwa, dahuwa na kashe ƙwayar. Haɗarin yana wajen cire shi daga raga da wajen fiɗa.

17. Kyanwarmu ta kamo jemage. Shanu kuma, jemage na shan jininsu?

Jemagu masu shan jini a kudanci da tsakiyar nahiyar Amurka kaɗai suke, babu su a Afirka. Saniyar da ta haukace a nan, a nemi kare ko dila. Kyanwa kuwa ita ce ke shigo da jemage har tsakar ɗaki. Kada a ƙwace shi daga bakinta da hannu. A kai ta wurin likitan dabbobi don allura, a sa mata ido na 'yan watanni, idan ta canza hali, ta daina ci, ko ta fara kai cizo, a kulle ta a kira shi.

Kare da kyanwa ana fara musu allura daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta. Amfanin wannan an gan shi a Njamena: a 2012 da 2013 an yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin allura, yaɗuwar ciwon ta katse na tsawon watanni, har sai da karnuka daga wajen gari suka sake shigo da shi.

18. Yaya za mu raba su da rufin gida ko na makaranta? Ba za a sa guba ba?

Guba ita ce mafi munin dabara. Jemagun da ke sama ba sa taɓa kowa, ita ke zubo da su rabi a mace a tsakar gida da filin makaranta, inda yara da kyanwoyi za su tsince su. Sauran su ruɓe a silin. Hayaƙi kuma ya sha jawo gobara. Sare bishiya ma watsa garken yake yi cikin gidajen maƙwabta, ga shi jemagu ne ke barbarar furen kuka, ɗorawa da rimi, ƙananan kuma na cinye ƙwari masu yawa kowane dare.

Hanyar da ke aiki ita ce a bar su su fita, a hana su komawa. Da magariba mutum biyu ko uku su tsaya a kusurwoyin ginin su ga ta inda suke fitowa. Yawanci tsakanin kwano da bango ne, kuma tsagar da ɗan yatsa zai shiga ta ishe su. A toshe duk sauran ramuka da siminti, katako ko waya mai ƙananan ido, a bar manyan ƙofofin. A kan waɗannan a rataya yankin tsohon gidan sauro, a kafe shi sama da gefe biyu, ya sauko kimanin rabin mita ƙasa da ramin, ƙasan a buɗe. Za su zame su fita, su kasa gane hanyar dawowa. Bayan dare 5 zuwa 7, idan ba a ƙara ganin mai fita ba, a cire ragar a toshe.

Kada a yi wannan lokacin da suke da jarirai. Idan bayan manyan sun fita da dare ana jin siririyar tsuwa a silin, a dakata kamar mako shida, in ba haka ba jariran za su mutu a ciki, iyayen kuma su riƙa kutsawa ta ɗakuna suna nemansu. Bayan an toshe sai a yi sharar tambaya ta 16. A sake zagaya rufin bayan iskar farkon damina, domin ita ke ɗaga kwano ta buɗe sabuwar tsaga.